Jiran da Kawu Yake Yi Idan An Kawo Wuta

Jiya Hajiya mai sayar da ƙanƙara ta zo shagona a Tudun Wada. Tana son na'urar da za ta hana firizarta tashi nan take idan an kawo wuta, don wutar ta taɓa ƙona mata inji. Aikin ba wuya. 'Yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa na'urar tana da agogo mai ƙirge a cikinta. Lamba zan saka mata, idan ƙirgen ya kai lambar sai ta tashi firizar. Na zo saka lambar, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Wata rana a shagonsa na gyaran rediyo a Bungudu aka kawo wuta. Na kai hannu zan kunna firji, ya riƙe ni. Tafinsa na ƙamshin dalma da goro.

"Ba a tarar baƙo da aiki," in ji shi. "Bari ya zauna tukuna."

Ya zuba wa ƙwan fitila ido, leɓensa na motsi. Can sai ya sake ni.

Me yake jira? Wani lokaci jim kaɗan ne, wani lokaci har shayi ya huce. Ƙirge yake yi ko salati? Har yau ban sani ba.

"Malam, lafiya?" Hajiya ta katse ni. "Minti nawa za ta jira?"

Na'ura lamba take so, Kawu kuwa bai bar mini lamba ba.

Allah Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa.