Yadda Munka Raba Kwamfuta Rabon Gado

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi kai ba, abu guda ya rage mana cikin gadon mahaifinmu: wani bijimi da ake ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Munka kai shi kasuwar Isa kafin ya faɗi da kansa, munka sawo tsohuwar kwamfuta ta ɗorawa a cinya. Ni anka miƙa wa, don ni ne ɗan bokon gidan, wai na leƙa sakandare kafin su koro ni.

Na kafa tebur a kasuwar Sabon Birni ina tura wa mutane waƙa da wa'azi da fim a waya. Mutum bai karya kumallo ba, amma yana son sabuwar waƙa. Ban taɓa gane wannan ba, na dai ci abinci da shi. Tukunyar gidana, da mata da yara, a kan tebur ɗin nan take.

Yayana manomi ne a Gangara. Da gonarsa ta ba shi kara zalla, sai ga shi tsaye a kaina.

"Bijimin Baba na cikin akwatin ga. A fidda min nawa."

"Yaya, ɗauki igiyar caji, ita ce wutsiyar."

Bai yi dariya ba. Wani abokinsa mai kai kaya Nijar a babur ta Burkusuma ya riga ya zuga shi, wai can ana raba rumbun ajiyar kwamfuta gida biyu, a zuba manhaja biyu, in an kunna kowa ya shiga tasa. Har filas ya kawo masa, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta, da sabuwar manhajar a ciki, da Faransanci.

"To kai da ko baƙi ba ka karantawa, mi za ka yi da naka ɓangaren?"

"Ba ruwanka. Ko akuya za ni ɗaurewa ciki, nawa ne."

Tunda asalin abin gado ne, Yaya ya ɗauko malamin da ke raba wa mutane gonaki. Malam ya zauna a bencina, ya tuna mana muna da ƙanwa: namiji kashi biyu, mace ɗaya. Ita kuwa ta aiko cewa ba ta san mene ne kwamfuta ba, amma ba ta yafe ba.

Na soka filas. Allon ya nuna rumbun a miƙe kamar doguwar gona: manhajata ta cinye kusan duka, sai wani ɗan siririn ziri a can baki. Na ja iyakata baya don a sami fili. Ta matsa, ta matsa, ta cije. Wai akwai wasu abubuwa a tsakiya da ba su ɗaguwa. Na goge finafinan da anka daina tambaya, na kashe, na kunna, na sake ja. Tana nan inda take.

Malam ya karyo tsinken tsintsiya yana auna allon. Ya ware wa ƙanwarmu nata, ya auna nawa, ya auna na Yaya, ya girgiza kai. Na Yaya ya gaza da faɗin farce.

"Ka koya mata ha'inci," in ji Yaya. "Kwana nawa tana hannunka?"

"Allah shi gafarta Malam, gaya mishi ba ni na hana ba."

"Ni dai abin da tsinke ya ce shi na sani," in ji Malam.

Nan idon Yaya ya faɗa kan ɗan zirin nan.

"Wanga fa, na wa ne?"

Na ce ba na kowa ba ne, a nan na iske shi, a bar shi. Malam ya tambaya ko an shuka wani abu ciki. Na ce ba waƙa, ba fim, ba ya ma buɗuwa.

Yaya ya washe baki. "Burtali ne!"

Duk wanda ya yi noma wajenmu ya san abin da ake wa hanyar shanu. Mai gona a bakinta yakan ci kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, har a wayi gari sai dai saniya ta tashi sama. Yaya gwani ne a wannan.

"Shanun ma sun ƙare," ya ce. "Wa za ya bi ta nan? A haɗe min."

Na roƙe shi don Allah ya bari in tambayi wani a Sakkwato. Malam ya yanke: filin da ba mai shi, a cike wa wanda nasa ya gaza. Kwamfutar ta fito da jan rubutu. Abokin Yaya mai babur, da ke tsaye gefe, ya matso ya karanta.

"Tana tambaya ko kun tabbata."

"Ce mata na tabbata," in ji Yaya, ya ture hannuna ya danna da babban yatsansa. Iyakar aikin kwamfuta da ya taɓa yi ke nan a duniya.

Munka kashe, munka kunna. Baƙin allo, da ɗan farin rubutu layi guda. Ba tawa, ba tasa.

Mai gyara a Isa ya duba ya ce komai na nan ciki, ba abin da ya ɓata. Ta ɗan zirin nan kwamfutar ke bi ta shiga rumbun in an kunna ta. A maido shi inda yake, gyara ya ƙare, shayi ma ba zai huce ba. Na kusa rungume shi. Yaya ya tambaya daga ina za a yanko filin.

"Daga naka, baba, tunda nan anka haɗe shi."

Yaya ya rufe kwamfutar, ya sa a hammata. "Abin da Malam ya raba ba ya tashi."

Na je wa Malam. Ya ce rabo ya inganta, kowa nasa na nan, shiga ciki kuma ba ya cikin abin da anka kira shi ya yi. Na ce a yanka daga nawa. Mai gyara ya ce iyakata ce ta cije tun farko. Ƙanwarmu ta ce kada wanda ya kalli nata.

Kasuwa ta ci, ta sake ci, masu zuwa tura waƙa sunka koma wani tebur. Na kai iyali gidan surukai, abin da ban taɓa zaton za ni yi da raina ba, na bi motar albasa zuwa kudu dako.

Kwamfutar na Gangara har yau, a ƙarƙashin gadon Yaya. In ya yi baƙo yakan jawo ta, ya kaɗe ta da hula, ya buɗe, ya ja yatsa a kan baƙin allon.

"Daga nan zuwa nan," yakan ce, "duk nawa ne."