Laka a Takalman Ɗan Fari

Ɗan fari nawa injiniya ne. Ban taɓa kiran sunanai ba, kuma ban taɓa duban tsakiyar idonai ba. Haka anka tashe mu a Wurno: uwa tana kunyar ɗan fari. In ina son ya ci abinci, ƙanwatai nika ce ma, "Kai ma wancan." In na ga ya rame, sai in yi ma ta faɗa a gabanai cewa miya ba ta da mai. Shina ganewa. Tun shina ƙarami shina ganewa.

Da ya ƙare karatu anka ba shi aiki wajen madatsar ruwan Goronyo, shina duba magudanan da ka kai ruwa gonakin rani. Duk Juma'a shi kan zo gida da hular kwano da takalman roba masu kai gwiwa, ya tuɓe su bakin ɗakina ya wuce masallaci. Ni kuwa in ɗauko tsinken kara in kankare lakar. Ban san baƙin rubutu ko ɗaya ba, amma na san laka. In baƙa ce mai danƙo, fadama ya shiga. In ja ce mai tsakuwa, gefen Kagara ya biyo. In na wanke su, in aje su ƙofar zaure, baki na duban waje. Hirarmu ke nan, ni da shi.

Sai ƙarin girma ya fara zuwa. Anka tura shi kwas, ya dawo. Ya zauna jarrabawar ƙungiyar injiniyoyi, ya ci. Ubanai ya yanka rago. Ni dai abin da nig gani shi ne lakar tana raguwa. Wata Juma'ar ma ƙura ce kawai, na goge da tsumma.

Shekarar da ubanai ya rasu, bayan na fita takaba, anka ce za a ɗaga shi zuwa babban ofis, can Abuja. Yaz zo ya durƙusa bakin ɗakina, ina tsintar shinkafa.

Yac ce, "Inna, in na tahi, sai dai sallah zuwa sallah. In kin ce in zauna, in zauna. Ana iya ba wani."

Ƙanwatai tac ce, "Yaya, mi kake jira? Ko so kake ka tsuhwa cikin taɓo kamar kwaɗo?"

Sunka yi dariya. Ni ban ɗaga kai ba. Ina uwa za ta buɗe baki ta ce ma ɗan fari tana son shi kusa da ita? Nic ce ma ƙanwatai, "Gaya mai Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri."

Amma na ba shi amsa. Ranar na wanke takalman, ban kai su zaure ba. Na shiga da su ɗakina, na aje su bayan ƙofa, baki na duban gado. Yaron da nis sani, da ya duba zaure bai gan su ba, ya san abin da anka ce mai.

Da la'asar ya fito shina nema. Na ji shi ya tambayi ƙanwatai, tac ce ba ta gani ba. Ina daga ɗaki ina jiran ya yi shiru, irin shirun da yakan yi in ya gane. Sai yac ce, "Bar su kawai. Inda za ni ba a shiga laka."

Ba ni ganin laifinai. Ya daɗe cikin mutanen da in suna son abu sai su faɗa da baki.

Yanzu babba ne, an ce har injiniyoyi ke ƙarƙashinai. Shina kira ta wayar ƙanwatai, ya ce a gaishe ni, in ce ina amsawa. Sallar bara yaz zo da takalma baƙaƙe masu sheƙi, ya tuɓe bakin ɗakina kamar da. Da ya wuce masallaci na ɗauko tsinke, na juya ƙasansu. Ba abin kankarewa. Na kai su zaure, na aje, baki na duban waje.