Ranar da Ajina Ya Kafu

Shekarun baya, ina gama karatun koyarwa na dawo ƙauyenmu da ke hanyar Baturiya da niyyar buɗe ajin matan aure. Ko benci ɗaya ban mallaka ba, amma har na sa an rubuta mini allon suna mai ɗauke da "established", don na ga haka makarantun Haɗejiya suke yi. Mahaifiyata ta tambaye ni ma'anarsa. Na gyara murya na ce daga "establish" ne, wato a kafa abu ya zauna daram, kamar makaranta ko kasuwa, ba a faɗinsa ga rumfar biki da za a kwance gobe. Ta ce, "To, Allah ya sa taki ba ta biki ba ce."

Kawuna ne ya ba ni fili a bakin fadama. Kowa ya san ruwa na kwanciya a wurin, ni ma na sani. Amma wa zai dubi kawu ya ce kyautarsa ba ta yi ba? Muka yi kara, muka yi godiya, aka yi rumfa.

Mazan ne suka fi ba ni wahala. Gida-gida na bi ina roƙo kafin su bar matansu su zo. Wani ma cewa ya yi, "Duk ranar da aka fasa aji, matata ta zauna ke nan, ba ta ƙara fita." Na san ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba.

Da damina ta yi nisa, kogi ya tumbatsa. Na fita da safe na tarar ruwa ya kai rabin dirkokin rumfar, bencin da na samu daga baya na yawo kamar kwale-kwale. Na koma ɗaki na sha kukana, don na san ko ruwan ya janye ba za a sake barin matan su fito ba.

Bayan la'asar, lokacin da muka saba shiga aji, sai na ji sallama. Babbar ɗalibata ce, mai sana'ar bandar kifi, zaninta jiƙe har gwiwa, sauran na biye da ita.

"Malama, kwance kike? Mun ce wa mazanmu yau akwai aji. Tashi, kar ki mayar da mu maƙaryata."

Na ce ai ba allo, ba alli.

Ta ce, "Gawayi ya ƙare a gidan nan ne?"

A tsakar gidanmu muka yi karatu, ina rubutu a jikin ƙyaure. Kashegari gidan wata, sannan gidan wata, haka har rani ya shigo.

Ajin yana nan har yau, ya koma kan tudu, kuma mai bandar kifin ce ke karantar da sababbin zuwa. Ina farin ciki da shi ƙwarai. Ni ce dai na buɗe shi, amma duk lokacin da aka ce ni na kafa shi sai in ji kunya, don ranar da ya kafu ina ɗaki ina kuka.