Robar da na ɗinka a rigar mai jego

Ko zan manta komai na zamana na ƙasar waje a Bronx, ranar sunan nan ba za ta taɓa fita daga raina ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

A Kano na koyi ɗinki, a kan atamfa da shadda, yadin da ke zama inda ka ajiye shi. Da muka tare a unguwar Soundview ta Bronx, sanyi ya sa na koma wa yadi mai miƙewa, irin mai laushi da ɗumi. Yadin nan ɗan rainin hankali ne. Ka gama riga tsaf, ana fara wanki sai kafaɗa ta zazzago, wuya ya wage. Na ɓata yadi ba kaɗan ba kafin na gano maganinsa, wata siririyar roba garai-garai kamar leda. Ana shimfiɗa ta a kan haɗin kafaɗa da na ƙugu ta ciki, a bi ta da keke, ita ke hana ɗinkin saki.

Ina da wata ƙawa a hawan da ke saman namu, 'yar garinmu. Tare muke cefane, tare muke hawa bas zuwa awo da ta samu ciki. Ni kuwa Allah bai ba ni haihuwa ba, kuma babu wanda bai sani ba. Da likitoci suka ce tiyata za a yi mata, sai na ce bari in ɗinka mata doguwar riga da yadin nan, don atamfa za ta riƙa gurzar wurin ɗinkin tiyatar. Na ɗaga haɗin ƙugun zuwa ƙarƙashin ƙirji, na sa robar a nan da kafaɗu. A gefen kekena ƙawar tawa take zaune ranar, tana cin gyaɗa. Har ta tambaye ni mene ne wannan, na yi mata bayani, ta ja robar ta saki tana dariya.

Ta haihu lafiya, mahaifiyarta Hajiya ta zo daga gida don zaman jego. Sai dai ruwan nono ya yi jinkiri, jaririya tana ta kuka, hankalin kowa a tashe.

Ranar suna na hau sama da tukunyar miyar taushe da na yini a kanta. Falon cike da mata, namu da 'yan Gana da 'yan Nijar. Tun daga yadda aka amsa sallamata na san akwai magana. Ban gama ajiye tukunyar ba Hajiya ta kira ni, ta kwance wani hankici a gaban kowa. Robobina ne a ciki. Rigar kuma ga ta a hannun kujera, an bi ɗinkin da reza an farke.

"'Yar nan, me kika ɗinke wa 'yata a ƙarƙashin ƙirji?"

Wallahi da farko dariya na yi. Na ce roba ce Hajiya, ta riƙe ɗinki. Ta ce ita da girmanta ba ta taɓa ganin an ɓoye leda a cikin ɗinki ba, kuma a rasa inda za a sa sai daidai mama, kuma tun da 'yarta ta sa rigar nono ya ƙi zuwa. Sannan ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wanda Allah bai ba shi ba haƙuri yake yi, ba ya ɗaure na wani."

Ban taɓa jin magana ta soke ni irin wannan ba. Amma ban tsorata ba, don ina da shaida. Na juya wajen ƙawata, na ce, "Ke fa, ba a gabanki na ɗinka ba?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara hular jaririya. Da uwar ta maimaita tambayar, sai ta ce can ƙasa-ƙasa wai ba ta kula sosai ba.

Nan idona ya rufe. Na yar da mayafina, na juya wuyan rigar jikina na nuna musu robar a kafaɗata, na ce to ni wa na ɗaure? Wata 'yar Gana ta jawo 'yarta ta leƙa cikin rigarta, ta ce ai ga irinta nan, kuma a kanti ta saya. Sai ga manyan mata kowa na laluben kafaɗarta kamar masu neman kwarkwata. Hajiya ta taɓe baki, ta ce to Allah ya sa haka ne. Iyakar abin da na samu ke nan. Na ɗauki tukunyata a cike na sauko da ita, ko cokali ban bar musu ba, kuma har gobe ban yi da-na-sani ba.

Nono ya zo daga baya, amma maganar ta riga ta fita. Akwai matan da suka daina kawo mini ɗinki. Akwai wadda na miƙa hannu zan karɓi jaririnta a wajen wani taro, ta yi kamar ba ta gani ba. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Sai da Hajiya ta koma gida ƙawar tawa ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, rigar na cikin leda, wai ko zan mayar mata da ɗinkin.

"Kin san Mama. Ba zan iya ƙaryata ta a gaban mutane ba."

"Amma kin iya zama a mayar da ni mai asiri a gabansu."

Ban karɓi rigar ba. Muna gaisawa in mun haɗu a matakala, daga nan babu ƙari.

Tsohuwar tuni na yafe mata, jikarta take ji wa tsoro, kuma ba ta san robar ba. Wadda ta sani ta yi shiru ita ce ta cuce ni. Abin da na koya ke nan: kunyar da za ta sa ka bari a ɓata sunan wanda ka san yana da gaskiya ba tarbiyya ba ce, cin amana ne.