Aron Goyo

A shekarar da gwamnatin jiha ta ce tazarar haihuwa ta zama kyauta, ɗana na biyar yana goye a bayana, ina taka keken ɗinki a gidanmu na Tudun Wada. A rediyo muka fara ji, safe da yamma, wata mai zaƙin murya tana cewa kowace mace ta garzaya ƙaramin asibitin unguwarsu.

Ranar buɗewa aka kafa rumfuna, motoci suka zo daga Kaduna, matan manya suka kafa ɗauri, aka yanke ƙyalle, aka sha lemo. Masu hikimar nan sun ware ɗaki guda, sun fasa masa ƙofarsa daban, sun shafa mata koren fenti, wai don sirri. Ƙofar sirrin kuwa titi take kallo, daidai teburin mai shayi inda mazan unguwa ke zaman majalisa tun hantsi har la'asar. Aka rubuta sunan ɗakin da manyan baƙaƙe, boko da ajami, kada wani ya ce shi bai iya karatu ba.

To wace mace ce za ta bi ta nan? Kafin ki gama sallama labari ya isa wurin surukarki a Tudun Jukun.

Sai mata suka nemo tasu hanyar. Akwai wata ƙofa ta ciki daga ɗakin riga-kafin yara, kuma mace da goyo ba mai tambayarta inda za ta. Wadda nata ya girma sai ta ari na maƙwabta. Nawa kuwa ƙato ne, ba ya ƙiwa, kowa ya ɗauke shi barci yake yi. Nan da nan ya yi kasuwa. Duk Tudun Wada babu jaririn da ya kai shi zuwa asibiti, alhali ko mura bai taɓa yi ba. Har mai shayi ya tare maigidana cikin tausayi ya ce, "Malam, yaron nan naka dai Allah ya ba shi lafiya."

Cikin masu aron akwai maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu. Haihuwarta ta ƙarshe aiki aka yi mata, ɗan bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta sha. Likita ya faɗa musu ƙarara, ita da mijinta, cewa in ta sake ɗaukar ciki kafin jikinta ya warware, da wuya ta tashi. Mijin bai ƙi ba, wallahi bai ƙi ba, mutumin kirki ne. Amma a majalisar nan yake zama, shi da wansa. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Ki je, amma kada a gan ki."

Ta shigo wurina tana murza bakin hijabi. "Yaya, ɗinki ya yi miki yawa, ko in kai miki shi riga-kafi?"

Na kwance shi na ɗora mata.

Zuwan farko ta tarar an kulle. Ma'aikaciyar ɗakin ta tafi Kaduna taron bita, inda ake koya musu yadda za su sauƙaƙa wa mata samun abin. Zuwa na biyu magani yana nan cike da kabad, tana ganin kwalayen da idonta, amma an ce kada a taɓa sai wasu baƙi sun zo sun ɗauki hotonsu. Tsakanin kowane zuwa kuma sai ta jira ranar riga-kafi ta zagayo, don ranar ce kaɗai goyo ke da hujja. Zuwa na uku ta samu kowa da komai. Aka ce sai an gwada fitsari tukuna, aka gwada. Ashe ciki ya riga ya shiga.

Ta dawo ta kwance yaron, ta kwantar da shi a kan tabarmata a hankali. Ta ce, "Yaya, na gode da aro. Ba sai na sake ba."

Ni dai ba a san ni da haƙuri ba. Na zari hijabi, zaren ɗinki duk a jikina, na bi ta koriyar ƙofar nan tsakar rana, majalisa a cike. Na juyo na ce musu ga ni nan, su duba da kyau, wanda bai gane ni ba ya taso in faɗa masa sunan ubana. Mai shayi ya tsaya da kofi a sama. A ciki kuma ma'aikaciyar ta ce ba ita ta fasa ƙofar ba, ba ita ta kira taron bita ba. Gaskiyarta ce, kuma gaskiyar ce ta fi ƙona mini rai, don na rasa wanda zan shaƙe.

Watanninta suka cika, aka sake yi mata aiki. 'Yar ta zo da rai, uwar ba ta farka ba. Mijin ya yi kuka a gaban majalisar tasu, ranar bai damu da a gan shi ba. Ni na karɓi jaririyar, don har lokacin ina da nono.

Ba a daɗe ba motocin suka dawo bikin murnar nasarar shirin. Aka sabunta fentin ƙofar, tana nan inda take.

Wata safiya wata yarinya, haihuwarta biyu kusa da kusa, ta yi sallama tana murza bakin hijabi. Nata na goyen an kai shi wurin kakarsa yaye, nawa kuma ya fara gudu a tsakar gida. Idonta yana kan wadda ke bayana.

Na kwance marainiyar na ɗora mata. Na ce, "Ki riƙe ta da kyau. Ta san hanya, tun tana ciki aka fara kai ta."