Ɗumin Maijego da Sanyin Sito

Har in ajiye aikin nan ba zan manta da ranar da aka kira ni wani asibitin kuɗi a Daura ba, cikin damina, an kwana ana ruwa. Ni na haɗa musu esi, irin wanda babban inji guda a waje yake ciyar da ɗakuna da yawa ta bututu. Yana sanyi, yana ɗumi, amma ba ya yin biyun a lokaci guda. Akwai ɗaki ɗaya da ake ba shugabanci, abin da rimot ɗinsa ya zaɓa shi sauran ke bi.

Likita ya tare ni a ƙofa, fuska a murtuke. "Malam Sabi'u, siton magani ya ɗau zafi tun safe. In muka kai la'asar a haka, maganin nan sai zubarwa."

Siton ba taga, ga firiji suna huci, kuma sunana ne a kan aikin. Na duba gas, a cike yake, wuta ma lafiya lau. Sai na kai hannu gaban fankar injin waje, na ji sanyi take hurowa maimakon zafi. Wato wani ya juya shi zuwa ɗumi.

Tun lokacin haɗawa ofishin likita na ba shugabanci, ashe an mai da shi ɗakin masu haihuwa. Na yi sallama, na tarar da wata dattijuwa daga Sandamu tana jinyar 'yarta, ɗaki kamar gidan burodi.

"Inna, ke kika taɓa rimot?"

"Ni ce, ɗan nan. Na yi ta dannawa har ya shiga hankalinsa. Maijego da ɗanyen jiki, kun hana ni shigo da garwashi, sannan ku sakar mata sanyi?"

Ban yi musu da ita ba. Na mai da shugabanci sito, na kashe esin ɗakinsu, aka kawo musu bargo. Da sanyi ya bugi fuskata a sito, zama na yi a ƙasa ina hamdala.

Rimot kam Inna ta ɗaure shi a gefen zani, ta ce ba ta yarda da mu ba. Na bar mata, tunda yanzu ba abin da zai juya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa a sana'ar nan, kafin ku kwance inji ku fara tambaya wa ke kwance a ɗakin da aka ba shugabanci.