Katun ɗin Kawu Maidabo

Kawu Maidabo ya rasu ranar Laraba a Kebbe, wayarsa na cikin hularsa. Nan yake ajiye ta, kun sani.

Tsoho ne mai furfura, amma ba ya kallon komai sai katun ɗin Japan guda ɗaya, wanda aka yi wa fassarar Hausa. An ce daga wani tsohon littafi aka ɗauko shi. Labarin wani ne da abokansa suka ci amanarsa, aka rufe shi a kurkuku, ya fito yana farautarsu.

Magana yake yi da mutanen ciki. "Kai mai shuɗin gashi, kak ka sha ruwan ga!" Mutumin ya sha. Kawu ya kife wayar. "Hay yau ba ya jin magana."

Na tambaye shi me ya sa idanunsu manya. Ya ce, "Wanda anka ci amanatai, da mi zai kwana in ba ido buɗe ba?"

In an kira salla sai ya rufe wayar da hula. Wai matan ciki ba su da mayafi.

Ni kuma lokacin na fito daga hannun 'yan bindiga. Na tarar Isa, ɗan baffana, ya sayar da shanun huɗata, ya ce wa mutane na mutu. Na wasa adda. Kawu ya gan ni.

"Garba, zamna. Wanga mutum na cikin waya irin ciwonka garai. Mu ga yadda ya ƙare, sannan ka tai."

Na zauna. Kashi ɗaya yake kunnawa, daga ranar kasuwa sai ranar kasuwa. Na ce ya ƙara. Ya ce, "Batir ba gero ba ne, ba a noma shi."

Damina ta wuce. Muka zo kashi na ƙarshe, ya ce babu shi, mai shagon tura finafinai a waya a Tambuwal bai samo ba. Addar ta yi tsatsa. Isa ya aiko da bijimi ɗaya, na karɓa.

Bayan sadakar uku na kai wayar Tambuwal. Mai shagon ya yi dariya.

"Ai tun farko akwai shi. Tsohon ya ce in goge. In tura maka?"

Na ce ya bar shi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya sa ka huta. Ina Kebbe, ina noma. Gonar Isa na maƙwabtaka da tawa.